Shekarar da Na Goge Kalkuletar Safiyo

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a cikin danginku na Birchi, na kuma san ta iso kunnuwanku ko da ba wanda ya taɓa tarar ni da ita: wai ni na kunyata babanku a gaban baƙo, na karɓe mashi sana'a yana raye. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Lokacin da yake da rai ba ni da bakin magana a kan abin da shi ya zaɓi ya yi shiru a kai, bayan ya rasu kuma sai na ga tayar da zancen kamar tonon kabari ne. Yanzu da jikoki suka fara tambaya, gara ku ji daga bakina. Wani ɓangare na maganar gaskiya ne, ba zan ɓoye maku ba. Amma ku ji yadda aka yi kafin ku yanke hukunci.

Babanku, Allah ya jiƙansa, duk Dutsin-Ma da Mai Agogo aka san shi. A zauren gidanmu yake aiki. Ya kafa tebur daidai bakin ƙofa inda haske ke shigowa, ga akwatin gilashi cike da agogunan mutane, ga ɗan madubin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. A gidan daga shi sai ni sai Inna mahaifiyarsa, sai ku biyu na fari, ɗaya na tatata ɗaya na goye. A shekarar da nake ba ku labari muna cikin jihar Kaduna tukuna, ana kuma aikin madatsar ruwa kusa da gari. Garin ya cika da baƙi, direbobi da magina da masu awon ƙasa daga kowace kusurwa, kowa da agogo ɗaure a hannu. Aiki bai taɓa yi wa babanku yawa kamar lokacin ba. A daidai lokacin ne kuma idonsa ya fara tafiya.

Bai gaya wa kowa ba. Ni da kaina na gane, a hankali. In na kai mashi shayi sai ya miƙa hannu gefen kofin kafin ya same shi. Wata rana na leƙo na tarar yana shafa tebur da tafin hannu yana neman wani ɗan sukuru, alhali ga shi nan gabansa a kan farin ƙyalle. Ya ce zai je Kano sayen kayan aiki, ya dawo hannu rabbana, ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai. Sai daga baya na ji asibitin ido ya je, likita ya ce mashi ba yana ba ce balle a cire, jijiyar ce ke mutuwa. Abin da ya rufa mashi asiri shi ne hannunsa da kunnensa sun riga sun san aikin. Yakan buɗe agogo ya wanke ya sa mai ya rufe, ya kara a kunne ya ce ya yi, kuma ya yi ɗin.

Mutum na biyu da ya gane shi ne wansa, Yaya Alhaji, wanda ke noma a Birchi. Ya shigo ranar kasuwa ya tsaya a bakin zaure bai yi magana ba, babanku ya ɗaga kai ya ce, "Malam, gyara ne?" Ina jin su daga tsakar gida bayan sun shigo.

"Ƙanena ya dube ni ya ce mani Malam," in ji Yaya Alhaji. "Inna, kina cikin gidan ga ba ki faɗa mani ba?"

"Abin da mai shi bai faɗa ba, ni zan faɗa?" in ji Inna.

"To ni na faɗa. Ka rufe wurin ga tun mutane ba su farga ba, ka maida wa kowa agogonsa cikin mutunci, ku taho gida. Ga ɗaki, ga rumbu. Ina raye ba za ka nema ka rasa ba."

Babanku ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani. Ina so ku sani, Yaya Alhaji da zuciya ɗaya ya yi wannan tayin. Amma ni na san ƙauye, na kuma san abin da makaho ke zama a gidan ɗan'uwansa: tabarma a gindin bishiya, a kawo mashi tuwo, a riƙa gaishe shi da ƙarfi kamar kunnen ne ya mutu. Babanku bai kai arba'in ba a lokacin.

Ana cikin haka, tsakiyar bazara, wani safiyo, wato mai awon ƙasa, da ake kira Malam Yohanna ya zo. Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, ya taɓa kawo agogo sau biyu. Wannan karon ya warware hankici ya fito da wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu da yatsu ba, mai maɓallai jere, a samansa akwai 'yar taga ta jar roba inda lambobi ke fitowa jajaye kamar garwashi. Ya ce kalkuleta ce, da ita yake lissafin awon ƙasa. Ta zame daga aljihunsa yana saman tudun da ake ginawa, ta gangaro rub da ciki a kan tsakuwa. Tana aiki, amma tagar ta ƙarce ta yadda ba ya bambance takwas da sifiri, ko uku da tara. Har ya karanta wata lamba ba daidai ba, aka kafa turaku inda bai kamata ba, shugabansa ya ja mashi kunne a gaban leburori.

"Malam, da ita na tashi daga mai jan igiyar awo na zama abin da nake," in ji shi. "Ba a sayar da irinta ko a Katsina, na tambaya. In na koma lissafi da littafi, aikin awa ɗaya wuni yake ci mani, ga damina na tahowa. An aike ni Kaduna, sai bayan kwana takwas zan dawo. Ka taimake ni."

Babanku ya ce a bar ta. Gilashin agogo in ya ƙarce ba ya wahalar da kansa, cirewa yake ya sa sabo. Wannan kuwa manne take da jikin akwatin, in ka ce za ka ɓamɓare ta sai ta fashe, ba kuma inda za ka samo wata. Ya san dabara ɗaya ce, a goge. Ya ɗauki samfefa, takardar gugan nan mai yashi, mafi laushi da yake da ita ya bi ƙarcen, ya bi da man goge ƙarfe. Washegari da hantsi ya kira ni zaure, abin da bai saba yi ba. Ya tura ƙofar waje, ya miƙo mani kalkuletar.

"Rakiya, duba mani. Ya fita?"

Wannan ce rana ta farko da ya nemi aron idona, mu duka mun san abin da tambayar ke nufi. Na kai ta wajen haske. Tagar ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari, manyan ƙarcen biyu na nan daram, lambobin kuma da ƙyar ake hango jansu kamar wuta a bayan zane. Na so in ce da saura kaɗan. Bakina ya ƙi.

"Malam, ta fi da lalacewa."

Sannan ya cire ɗan madubin daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce, "Shi ke nan. In mai ita ya dawo zan ba shi haƙuri, ya yi mani duk abin da ya ga dama. A aika wa Yaya ya turo mota."

Na ce ya ba ni kwana bakwai ɗin da suka rage. Ya tambaye ni me na sani game da roba. Na ce ban san komai ba, amma na san gugar azurfa, ina kuma neman izini in je Kurfi in gaida Baba. Ya juya fuska ya ce, "Ki gaishe shi." Bai ce e ba game da kalkuletar, bai kuma ɗauke ta daga hannuna ba.

Ba ku san kakanku na wajena ba sai a labari. Maƙerin fari ne a Kurfi, yana ƙera awarwaro da zobba da 'yan kunne, tun ina ƙarama kuma ni ke yi mashi guga, domin ya ce hannuna ya fi na yayyena maza haƙuri. Na bar wa Inna babba, na goya ƙarama, na hau a-kori-kura. Ban ɗauki kalkuletar ba. Na tsinci fuskar wata matacciyar rediyo a cikin tarkacen babanku, roba ce mai ɗaukar ido irin waccan, na farfasa ta gida huɗu na ƙulle a bakin zane. Na tarar da Baba a maƙera yana zuga wuta. Na ba shi labari duka, har da maganar ido, shi ne mutum na farko da na gaya wa. Ya juya robar a hannu, ya ƙarce ta da farce, ya ɗan cije ta.

"Azurfa na san halinta, wagga ban san ta ba," in ji shi. "Amma guga guga ce. Mijinki ya yi tsalle ne daga mai kaushi zuwa mai santsi, ya tsallake tsakiya. Ba a haka. Ƙarce ba ya fita sai da wanda bai kai shi ba, shi ma sai da wanda bai kai shi ba, har ki kai inda ido ba ya gani."

Ya nuna mani yadda zan sami tsakiyar. A dama tokar kara a ƙwaryar ruwa, a jira tsawon karanta Fatiha sau ɗaya, a tsiyaye ruwan sama a wata ƙwarya, a zubar da abin da ya kwanta domin yashi ne. Wancan ruwan a bar shi ya kwanta, lakar da ta taru ita ce ta farko. Sai a yi haka da farar ƙasa, amma a jira tsawon Fatiha bakwai kafin a tsiyaye, wannan ce ta biyu. Ta uku kuwa daga ruwan da ya wuni yana fari bai kwanta ba ake samunta, in ka murza ta a tsakanin haƙora ba ka jin komai. Ya ba ni dunƙulen farar ƙasa, da guntun fatar akuya mai laushi, da kakin zuma, ya ce in toshe gefunan tagar da shi kada ruwa ya shiga ciki. Da zan tafi ya raka ni har bakin hanya, ya ce, "Ke dai ki sani, in aikin ga ya yi kyau, wahalarki ta fi in ya ɓaci." Na ɗauka zancen tsofaffi ne kawai.

Kwana biyu na yi a kan guntayen rediyo ban taɓa kalkuletar ba. Na farko na goge shi a bushe da sauri, ya yi zafi ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Na biyu na danna da yawa ya yi rami a tsakiya, in ka duba ta cikinsa sai ka ga abu ya karkace. A na uku na gane dole in naɗe ƙyallen a jikin ɗan katako mai shafaffen baki, don gugar ta tafi daidai ko'ina, in kuma riƙa jiƙawa da ɗigo ɗaya-ɗaya. Na huɗu ya fito har na karanta rubutun jikin gwangwanin madara ta cikinsa, da ɗan bokon da na sani. Na kai wa Inna, ta ɗaga shi sama ta dubi bishiyar darbejiya ta cikinsa.

"Ikon Allah," in ji ta. "To ki yi ta. Girki na ɗauke maki, yaran ga ma ki bar mani su."

Ita da ba ta taɓa yarda in zauna da rana hannuna ba tsintsiya ko muciya ba. Daga ranar ta zama mai gadina, tana zaune da kara tana korar kaji daga ƙorena.

Na sa babanku ya cire batirin. Na toshe gefuna da kaki, na rufe maɓallan da leda na ɗaure. Ina farawa in rana ta ɗaga, in tsaya in ta yi tsaka saboda zafi na narkar da kakin, in koma bayan la'asar. Da lakar toka na bi manyan ƙarcen nan biyu, wuni guda cur, ina yi ina ɗaga ta a rana ina karkatawa, har suka shafe. Washegari na shiga farar ƙasa. Farin ya fara washewa, jan robar na dawowa. Ana saura kwana biyu mai ita ya dawo, da la'asar, iskar hadari ta taso ta bi tsakar gida. Na rufe ƙoren da faifai, amma ban kula da ƙyallen da ke kan cinyata ba. Da iskar ta lafa na ɗauka na goga sau ɗaya, sai na ji ƙiii a yatsana. Ƙwayar yashi ɗaya ce. Ta ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya fi waɗanda na cire tsawo.

Na zauna ina kallonsa. Yatsuna sun riga sun tsattsage saboda toka, wuyana ba ya juyuwa. Inna ta leƙo ta gani, ta ce innalillahi, ta ce ko in haƙura haka nan, ai na yi abin da zan iya. Na ce mata a'a. Na tashi na zubar da duk lakar da na tara, domin ban san ko yashi ya shiga ba, na wanke ƙoren, na dama sabuwa na kai cikin ɗaki na rufe. Da gari ya waye na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗaki inda iska ba ta kaiwa, na yayyafa wa ƙasa ruwa, na wanke hannu har gwiwar hannu kamar mai alwala, na koma kan toka daga farko. Ranar ban huta da rana tsaka ba. Inna ta riƙe mani faifai tana yi wa kakin fifita. Kafin magariba na gama da ta biyu. Da safen ranar da zai zo na bi da ta uku, sannan ɗigon man goge ƙarfe na babanku a kan fatar akuya, a hankali kamar mai shafa wa jariri mai. Na ɓamɓare kakin da tsinke, na kai mashi ya sa batir. Na danna maɓalli. Sifiri ya fito ja wur, gefensa kamar an yanka da reza.

"Ya fita?" in ji shi.

"Ya fita, Malam."

Ya shafa tagar da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Bai ce sannu ba, ni ma ban sa rai ba.

Bayan azahar Malam Yohanna ya iso. Aka yi sa'a ko rashin sa'a, Yaya Alhaji ma ya zo ranar jin amsar da aka yi mashi alkawari, yana zaune a zauren. Ni ina bayan ƙofar da ta shigo cikin gida, na kasa zama. Na ji safiyon ya danna maɓallai, sannan ya yi wata irin dariya kamar zai yi kuka. Ya ce ko ranar da ya saye ta ba ta kai haka ba. Ya yi ta sa albarka. Daga nan ya ce akwai aiki jingim a sansaninsu: kalkuletoci biyu na abokan aikinsa, da fuskokin mitocin manyan motoci da yashi ya cinye, da sababbin agogunan nan masu lamba da kowa ke ɗaurawa, duk sun dushe ba mai gyarawa. Ya ce zai kwaso su duka ya kawo.

Sai na ji muryar babanku, a sanyaye.

"Malam Yohanna, ka yi haƙuri, ka nemi wani. Wannan ne aikina na ƙarshe. Zan koma gida wajen Yaya."

"Alhamdulillahi," in ji Yaya Alhaji.

Safiyon ya tambayi dalili, babanku ya ce ba komai, ya gaji ne. Na san in mutumin nan ya sa ƙafa ya fita, an gama. Na san kuma mace ba ta tsoma baki a zaure, balle a gaban baƙo, balle a gaban wan miji. Ba zan ce maku bakina ne ya kuɓuce ba, domin ƙarya ne. Na auna, na ga abin da zai biyo baya, na yi sallama daga bayan ƙofa.

"Malam Yohanna, ka kawo su. Ni na goge wannan. Idon Malam ne ke ba shi wahala, amma ilimin aikin na wurinsa, ni kuma ina da ido. Ka kawo."

Safiyon, Allah ya saka mashi, ya ce, "To, Uwargida, na gode, Allah ya ƙara wa Malam lafiya," ya yi sallama ya fita da sauri. Yaya Alhaji ya miƙe ya kaɗe riga. Bai yi mani magana ba, da ƙanensa ya yi.

"Shekara nawa muna rufa wa juna asiri a gidanmu, yau matarka ta tallata ka a bakin titi. In ka zaɓi mace ta ciyar da kai a kan ɗan'uwanka, ga ka ga ta."

Inna ta fito ta ce ya tsaya ya sha ruwa. Ya ce ya ƙoshi. Daga ranar bai sake cin abincin gidanmu ba. Yakan zo gaida Inna ya tsaya a ƙofar ɗakinta, in na gaishe shi ya amsa da kai. Haka muka zauna har ya koma ga Allah. Kada ku riƙe shi da wannan, ku kuma ci gaba da zumunci da 'ya'yansa. A ganinsa na hana shi yi wa ƙanensa abin da ya wajaba a kansa, kuma ban ce ganin nasa ba shi da tushe ba.

Babanku kuwa bai koma Birchi ba, bai kuma koma zaure ba. Daga ɗaki sai masallaci. Damina ta sauka ta yi nisa, maganarsa da ni ba ta wuce amsa gaisuwa. Inna takan ce in yi haƙuri, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na yarda da ita, amma na san ba duka ke nan ba. Ya so ranar da mutane za su ji ya makance su ji daga bakinsa, ko kuma ya bar garin ba wanda ya sani, a riƙa tuna shi da Mai Agogo mai ido kamar shaho. Na ɗauke mashi wannan, ban kuma taɓa iya maida mashi ba. Ko bayan mun shirya, wata irin dariya da yake yi da abokansa a bakin zaure ban sake jin ta ba. Da za a maida ni bayan ƙofar nan zan sake magana, amma kada ku ɗauka a banza na same ta.

Malam Yohanna ya cika alkawari, kaya suka riƙa zuwa. Inna ce ta koma zaure tana karɓa, tsohuwar da ba ta san ƙarfe ɗaya daga ƙarfe biyu ba, tana ɗaura wa kowane agogo zare mai launi daban don ta gane mai shi. Ni ina ciki ina guga. A gidan biki mata kan yi ƙasa da murya in na shigo, wasu kuma su matso su zaro agogon miji daga bakin zane. Guga ta riƙe mu, amma agogunan da ciwonsu ke ciki sai dai mu maida wa masu su, abin na ci mani rai.

Wata safiya, gero ya fara fitar da kai, wani direba ya kawo wani agogo irin na da, wanda ake murɗa wa kai kafin ya yi aiki, ya ce ya tsaya. Maimakon in maida, sai na ɗauko kayan babanku na zauna a bakin ɗaki. Na buɗe bayansa, na maƙala ɗan madubin a ido kamar yadda na ga yana yi, na fara kwance sukurun da na ga ya fi kusa. Ina zare na biyu sai agogon ya yi wani ƙara, firrr, wani ɗan faifai mai haƙora ya yi tsalle ya faɗa a kan zanena. Daga cikin ɗaki na ji an yi gyaran murya.

"Wa ya ce maki ana kwance agogo ba a sauke sifirin da ke juya shi ba?"

Na janye hannuna daga agogon. Na ji yana laluben takalmi. Ya fito yana bin bango, ya sami gefen tabarma ya zauna, ya miƙo hannu. Na sa mashi agogon. Ya bi cikinsa da kan yatsa, ya girgiza kai.

"Kin yi sa'a ba ki karya haƙori ba. Ina faifan da ya fita?"

"Ga shi, Malam."

"Kada ki taɓa shi da hannu, gumi na sa tsatsa. Ɗauki hantsaki. A'a, ba haka ake riƙewa ba, ba gashin kaza za ki fige ba."

Ya kama yatsuna ya gyara masu zama a jikin hantsakin. Inna ta fito da ƙwarya za ta wuce, ta gan mu, ta juya da sanɗa ta koma ɗaki.

"Gaya mani abin da kike gani," in ji shi. "Daga hagu, ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tsallake ko ɗaya."

Na gyara madubin, na sunkuya, na fara faɗa mashi.